Wasiƙa zuwa ga Edita: Jamusawa sun ajiye Fräulein tun 1972, mu muna nan muna Mis da Misis

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, ya aiki, ya haƙuri da mu masu turo dogon surutu. Dan Allah ka sam min ɗan fili a shafin wasiƙu, na san wani yana ganin kan maganar zai ce ina ruwan biri da gada, mace tana zaune Birnin Kebbi tana koyar da lissafi a sakandare me ya kai ta zancen yadda Jamusawa ke kiran matansu, to a dai bi ni a hankali.

Autanmu ne ya jawo. Ya gama digirinsa a Aliero ya yi bautar ƙasa, yanzu ba shi da zance sai Jamus, wai can zai je ya ƙaro karatu. Ya duƙufa koyon Jamusanci a waya, sannan ya samo wani tsohon littafi wajen masu baza littattafai a ƙasa a Sakkwato, bango ya tafi, takardun sun yi ja kamar an tsoma su a shayi, kuɗin da ake ciniki da shi a cikin darussan ma Mark ne ba Yuro ba, wannan kaɗai ya isa ya gaya masa littafin ya girme shi amma ina. A cikin littafin mutum uku ne kullum ke gaisawa, Herr wane, Frau wance, sai Fräulein wance. Herr shi ne namiji, ana furta shi kamar Her. Frau, wato Furau, matar aure. Fräulein kuma, da bakinmu Furoilain, ita ce wadda ba ta yi aure ba. Yaro ya haddace tsaf.

Ranar da zai tura imel ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a a can, ya ga mace ce ke kula da takardun, ya leƙa hotonta a shafinsu ya ga ba ta manyanta ba, sai ya ce bari ya nuna ladabi da zurfin Jamusanci, ya buɗe wasiƙarsa da Fräulein. Kwana biyu amsa ta zo. Baiwar Allah ta amsa masa duk abin da ya tambaya, wace takarda za a fassara, wace za a buga wa hatimi, sai a can ƙasa ta ƙara layi biyu, cewa don gaba ya riƙa rubuta Frau ga kowace mace baliga, waccan kalmar an daina aiki da ita da daɗewa kuma wasu za su ɗauke ta raini. Bayan magariba ya faɗo min ɗaki da waya a hannu gumi na karyo masa, "Yaya na ɓata rawata da tsalle, wagga mata ta ce na rena ta, shi ke nan sun hana ni." Na sa shi ya zauna ya fassara min kalma bayan kalma, na ce kai dai Allah ya shirye ka, wadda za ta hana ka gurbi ai ba ta tsayawa koya maka gaisuwa.

Shi ya ba da haƙuri ya wuce wurin. Ni ce abin ya tsaya wa a rai, na ƙona data ta kusan sati ina bin diddigin kalma ɗaya tal, saboda na ji ta taɓa wani miki da na daɗe ina rufewa da zane.

Abin mamaki kalmar da ake cewa raini ce yau, da can ta girma ce wadda ba kowa ke samunta ba. Ita Frau asalinta ba mace kawai take nufi ba, uwargijiya ce, matar gidan sarauta. Ɗan wutsiyar nan lein da ake liƙa mata aikinsa ƙaramta abu, kamar yadda muke cewa 'yar tukunya ko ɗan littafi. To Fräulein ke nan 'yar uwargijiya, ɗiyar masu sarauta da ba ta kai ga aure ba, kusan abin da mu za mu ce gimbiya. Ɗiyar maƙeri ko ta mai gasa burodi ba ta isa ba, ita Jungfer ake ce mata, daga Jungfrau wato budurwa. 'Yan birni masu ɗan hali kuma a ƙarni na 18 sai suka aro na Faransa suna Mamsell da Demoiselle, kun san dai mai kuɗi da son na waje. A wasan kwaikwayon Faust na shahararren marubucinsu Goethe da ya fito a 1808 akwai inda gogan ya tare yarinya a hanya ya kira ta Fräulein, ta ce masa ita ba Fräulein ba ce ta yi gaba, kuma ba wai tana da aure ba ne, nufinta ita 'yar talakawa ce kar ya ɗora mata abin da ba nata ba. A cikin ƙarni na 19 ne kalmar ta sauko ƙasa ta game kowa, irin dai abin da ya sami Hajiya a wurinmu, da sai wadda ta je Makka ta dawo da haƙorin, yanzu kuwa mai tumatir a babbar kasuwa na hango leshi da jaka sai ka ji Hajiya zo ki duba na yau ne.

Da ta game kowa sai ɓarakar ta fito, don kalmar ba ruwanta da shekaru. Mace ta kai saba'in, kai ya yi fari fat, in dai ba a taɓa ɗaura mata aure ba tana nan a 'yar ƙaramar mace, ita kuwa 'yar shekara sha tara da aka kai ɗakinta jiya ta zama cikakkiyar Frau yau da safe. Namiji fa? Da ya tasa ya zama Herr, ya yi aure ko ya mutu tuzuru Herr ne, ba wanda ya taɓa ce masa Herrlein a takardar ofis. Autan namu ya ƙara min da wata, wai a nahawunsu jinsi uku ne ba biyu ba kamar namu na shi da ita, akwai na uku da ba namiji ba mace, kuma duk kalmar da ta ƙare da lein can take faɗawa, sahu ɗaya da gida da littafi. Na ce masa wannan kam dokar harshe ce ba ƙeta ba, amma dai ko ni ce ba zan so a jera ni da littafi ba.

Wurin da na fi daɗewa ina jinjina kai shi ne na malaman makaranta, tunda sana'ata ce. Daga 1880 a Jamus ka'ida ce malamar makarantar gwamnati ta zauna ba aure, ranar da ta yi aure ranar ta bar aiki, har haƙƙin fanshonta ya bi ruwa. Tsarin mulkin Jamus na 1919 ya soke wannan, a 1923 aka dawo da shi ta bayan gida da sunan rage ma'aikata lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, aka yi ta ja har cikin shekarun 1950, sai a 1957 babbar kotun ƙwadago ta Jamus ta Yamma ta yanke cewa sharaɗin in kin yi aure kin bar aiki ba shi da gurbi a yarjejeniyar aiki. Shi ya sa a bakin yaran wancan zamanin Fräulein da malama duk abu ɗaya ne, yaro zai ɗaga hannu ya ce Fräulein kamar yadda namu ke cewa Anti. Haka matan da ke haɗa layin tarho a ofishin waya, Fräulein vom Amt ake ce musu. Haka mai kawo abinci a gidan cin abinci, ko tana da 'ya'ya biyar a gida, Fräulein za a ƙwala mata, shi kuwa namijin da ke aiki ɗaya da ita Herr Ober ne, har da Herr ɗinsa. Wata kuma da ta ba ni dariyar takaici, matar likita da ba ta taɓa shiga ajin likitanci ba ana ce mata Frau Doktor albarkacin mijinta, ita kuwa wadda ta sha wahalar karatun da kanta in ba ta da aure sai dai Fräulein Doktor.

Yaƙin duniya na biyu ya ci miliyoyin mazan Jamus, aka wayi gari da mata birjik waɗanda samarin da za su aura suna kwance a ƙasar Rasha ko Faransa, ba laifinsu ba, ba kuma zaɓinsu ba, su suka kwashe ɓaraguzan birane suka riƙe iyaye tsofaffi suka tsufa a bakin aiki, kuma kullum takarda ta zo daga hukuma sai a ga Frl., wato Fräulein a taƙaice, a gaban sunansu. Mu da muke makwabtaka da Zamfara, muke kuma da namu a ƙasar Zuru, ba sai an yi mana dogon bayani ba kan yadda bindiga ke barin mata su kaɗai. A 1955 ma'aikatar cikin gida ta Jamus ta Yamma ta yarda mace marar aure a kira ta Frau a takardun hukuma in ta nuna tana so, ku lura, sai ta nema. Sai a Janairun 1972, lokacin Hans-Dietrich Genscher na ministan cikin gida a Bonn, babban birnin Jamus ta Yamma a lokacin, wanda daga baya ya daɗe yana ministan harkokin waje, aka fitar da umarni cewa ofisoshin tarayya su daina amfani da Fräulein, kowace mace baliga Frau ce. Ba a ce an haramta wa mutane faɗa a titi ba, takardar gwamnati kawai aka gyara, bakin jama'a ya ɗauki shekaru kafin ya biyo baya, har akwai tsofaffin da suka dage a ci gaba da ce musu Fräulein don a wurinsu shaida ce ta cewa da guminsu suka ci ba da na miji ba. Yau in ka ji ta a gidan Bajamushe to galibi uwa ce ke yi wa ɗiyarta tsawa. Faransa ma sai a 2012 ta cire tata irin kalmar, Mademoiselle, daga fom ɗin gwamnati.

To Edita ga mikin nawa. Bara a bikin raba kyaututtuka na makarantarmu, an kafa rumfa an jera kujerun roba, iyaye sun cika, mai gabatarwa ya riƙe makirufo yana kiran malamai ɗaya bayan ɗaya su miƙe a tafa musu. Misis wane, tafi. Hajiya wance, tafi. Malam wane, Alhaji wane. Da ya iso kan wadda ta fi mu daɗewa a sashen kimiyya, mace mai shekara arba'in da ɗoriya wadda ɗalibanta wasu yanzu likitoci ne a garin nan, sai ya ja kalmar ya ce Miiis wance, ya ɗan dakata kamar mai jiran wani abu. Kuma ya samu, don 'yan aji uku na babbar sakandare da ke baya sun kwashe da ƙus-ƙus da dariya ƙasa-ƙasa, wata uwa kusa da ni ta karkato ta ce min "au, ashe har yanzu?" Ita ta miƙe ta yi murmushi ta gyara hijabinta ta zauna. Ina kusa da ita, na ga yadda ta matse takardar shirin bikin a hannunta har ta yamutse. Da aka tashi ba ta tsaya cin shinkafa ba, ta ce kanta ke ciwo ta hau kabu-kabu ta tafi.

Kar in yi ta faɗin na wata in ɓoye nawa. Ni na yi aure shekara tara Allah ya kawo rabuwa, don haka duk ukun na ɗanɗana, an ce min Mis, an ce min Misis da sunan wani, yanzu kuma duk fom ɗin da na ɗauka sai biro ya tsaya a sama. Wata rana wajen tantance ma'aikata wani akawu ya duba fayil ɗina ya ga suna biyu, ya ɗaga murya layi na ji ya ce "to yanzu mi za mu rubuta, Misis ko kin koma Mis?" Na ce rubuta Malama. Ya ce babu gurbinta a fom. Ga Mista, ga Misis, ga Mis, ga Dakta, har Cif akwai, amma babu Malam babu Malama, a jihar da Abdullahin Gwandu yake kwance.

Abin da ke ƙona min rai ke nan, Jamusawa sai da suka yi kusan shekara ɗari suna ja-in-ja da majalisa da kotu kafin su sami kalma ɗaya da za ta ɗauki kowace mace, mu kuwa muna da ita a hannu kyauta. Malama ba ta tambayar ko kina da miji. Hajiya ba ta tambaya. Budurwa da bazawara da matar aure da wadda mijinta ya rasu duk suna shiga ciki su zauna daram, daidai da yadda Malam ke ɗaukar tuzuru da mai mata huɗu. Nana Asma'u matar Waziri Giɗaɗo ce, ta rasu tun 1864, ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka da malfa a ka suna karantar da mata, wa ya taɓa jin an ce mata Misis Giɗaɗo? 'Yar Shehu ce da sunanta da sunan ubanta, haka aka san mata a gidajenmu. Wannan ɗaukar sunan miji ma aro ne, su Jamusawan da doka ta daɗe tana tilasta musu sai a 1994 aka ba ma'aurata damar kowa ya riƙe sunan gidansu, mu da ba a tilasta mana ba muke rububin zuwa kotu yin rantsuwar canjin suna, in aure ya mutu kuma a dawo a sake wata rantsuwar, na yi, na san kuɗinta da kunyarta.

Ba na cewa harshenmu wankakke ne fa. Muna da namu masu zafi da suka fi Fräulein, ta yi kwantai, ta rasa mashinshini, gwauruwa, ga 'yammata da ɗan acaɓa sa'an ƙanenki zai kira ki da shi don bai ga goyo ba, ga kuma Maman wane da ke da daɗi ga mai ɗa amma wadda Allah bai ba haihuwa ba ita ta san yadda take ji in ana zagayawa da shi a taron suna. Maza ma ba su tsira ba, a Kano da azumi Nalako na bin gwauraye da igiya da kiɗa. Sai dai na gwauro wasan tashe ne na wata ɗaya, ba a buga masa shi a katin aiki ya rataya a wuya shekara talatin da biyar.

Na kai wa Goggonmu zancen nan a Jega ina tsammanin za ta mara min baya, sai ta kalle ni ta ce "ke ɗiyata, in an ɓoye mai aure da marar aure, ƙaƙa masu nema za su san ƙofar da za su yi sallama? Ku 'yan boko kun cika neman magana, mu da anka ce muna amarya har munka yi jikoki mun mutu?" Na yi dariya don tana da gaskiyarta, kuma a addini ma dole a san matsayin mace kafin a nema, ba a nema cikin nema, ba a neman mai idda balle matar wani. Ni ma ba yaƙi nake da aure ba, sunna ce, in nagari ya zo gobe ba zan kore shi ba, ina kuma yi wa abokiyar aikina addu'a kullum. Amma mai nema na gaskiya waliyyi yake tambaya, ko ƙawa, ko tsohuwar unguwa irin Goggo da ta san kowa da kakansa, ban taɓa jin wanda ya samo mata a takardar albashi ko a lasifikar bikin makaranta ba. Inda sanin auren ke da amfani, kamar asibiti ko rabon gado ko fansho, akwai layinsa daban a fom, a cike a rufe fayil. Goggo ta ce to ita dai ba ta ga abin tada jijiyar wuya ba, ta miƙo min furar da ta dama.

Roƙona gare ku 'yan jarida ya fi yawa, don ku ake kwaikwayo. In za ku rubuta sunan kwamishina mace ko shugabar makaranta ko wadda ta ci gasa, ku ce Malama ko Hajiya ko Dakta ko muƙaminta, ku bar mana Misis da Uwargida wane sai in labarin a kan mijin ne. Masu gabatarwa a taruka su ma haka. Masu buga fom a ma'aikatun jiha kuma layi ɗaya ne za a ƙara a kwamfuta, ko a cire gurbin gaba ɗaya tunda akwai na jinsi a ƙasa, ba ya bukatar kasafin kuɗi balle a ce sai an jira Abuja.

Bikin bana saura 'yan makonni, kuma da aka zauna raba aiki a ofishin malamai ita Malamar kimiyyar da kanta ta ɗaga hannu ta ce a ba ta makirufon, ba wanda ya yi musu. Shi kuwa auta an ba shi ranar zuwa ganawar biza, masu karatu a sa shi a addu'a, tsohon littafin na karɓe yana ƙarƙashin ƙafar teburina da ke rawa.

Wassalam.

Taku,
Wata Malama daga Birnin Kebbi